Ina Baba yake tsaye a wannan hoton? Yadda ake gano tashar jirgin ƙasa a tsohon hoton Landan

Tambaya: "Assalamu alaikum. Bayan rasuwar mahaifinmu mun sami wani hoto baƙi-da-fari a cikin akwatinsa. Yana tsaye a dandamalin wata tashar jirgin ƙasa sanye da kwat. A bayansa ga jirgi marar kai, taragu kawai, da wani ɗan murabba'i mai haske a goshinsa da kuma lamba. Babu wayoyi a sama. Can nesa ana hango dogayen bututun hayaƙi guda huɗu. Kafaɗarsa ta rufe allon sunan tashar. A bayan hoton 'Landan' kawai aka rubuta. Mun san ya yi karatu a can bayan samun 'yancin kai. Ko za a iya gane wurin?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Za a iya, kuma bayanin da kika yi ya riga ya ci rabin aikin. Na daɗe ina bin tsofaffin hotunan jiragen da ke kai ma'aikata cikin Landan da safe su mayar da su unguwanninsu da yamma, kuma ba kullum ake samun hoto mai shaidu da yawa kamar naku ba. Tun da ban ga hoton da idona ba, zan bi da ke hanyar da nake bi, ki ɗora ta a kansa da kanki.

Abu ɗaya nake so ki riƙe tun daga farko. Idon kowa kan jirgin yake fara sauka, amma jirgi matafiyi ne. Taragun da suka tsaya a wannan tasha da ƙarfe takwas sun tsaya a wasu goma sha biyar kafin tara. Abin da jirgi zai iya gaya miki shi ne zamani da yanki. Wurin kuwa sai a bakin abin da ba ya motsi: gini, gada, lanƙwasar layi, siffar rumfa, inda rana take. Don haka za mu tambayi jirgin tambaya biyu, mu sallame shi, sannan mu koma kan bututun nan huɗu.

Ki fara sunkuyar da ido ƙasa, kan layin dogon. Jirgi marar kai kuma babu waya a sama, a Landan ta shekarun 1960, abu biyu yake iya zama. Ko mai injin dizal a ƙarƙashin taragu, irin waɗanda suka karɓi jigilar unguwanni daga Paddington da Marylebone da St Pancras da King's Cross a wajajen 1960, ko kuwa mai lantarki da ke shan wuta daga ƙasa. Abin da zai raba gardama shi ne ƙarfe na uku. Ban da ƙarafa biyu da ƙafafun jirgi ke bi, za ki ga wani a gefe, ya ɗan ɗara su tsayi, yana zaune a kan wasu 'yan kwanukan tangaran farare. A cikin tasha yawanci ana sa shi a gefen da ke nesa da dandamali, don haka can za ki duba. Idan kin gan shi, kin shiga yankin Southern, wato layukan kudancin kogin Thames masu tashi daga Waterloo da Victoria da London Bridge da Charing Cross. Idan kuma kin ga ƙarfe na huɗu a tsakiyar layin, to jirgin ƙarƙashin ƙasa ne a inda ya fito sarari, ko layin Euston zuwa Watford. Yawancin layukan gabas masu tashi daga Liverpool Street sun fita daga lissafi tun farko, don wayar sama suke amfani da ita tun daga layin Shenfield a 1949.

Tambaya ta biyu ita ce ta zamani, kuma murabba'in nan mai haske shi ne amsarta. Fenti ne rawaya, aka fara shafa shi a goshin jirage a farkon shekarun 1960 saboda ma'aikatan gyaran layi. Jirgin kwal yana zuwa da huci da hayaƙi, tun daga nesa an san da shi. Na lantarki kuwa kore ne mai duhu, kuma shiru yake tahowa. Daga wajajen 1966 aka fara mayar da taragun shuɗaye, aka kuma shafe goshin gaba ɗaya da rawaya. Ƙaramin murabba'i ke nan yana ajiye hoton tsakanin farkon shekarun 1960 da wajajen 1970, wanda ya yi daidai da tarihin da kuka sani na tafiyar Baba. Allon sunan tashar ma yana da abin cewa ko da an rufe shi. Bayan gwamnati ta karɓe layukan dogo a 1948, an yi wani ɗan allo dogo mai zagayayyun gefe da ake ɗaurawa a jikin sandar fitila, kowane yanki da launinsa, na Southern kore. Daga 1965 aka shigo da farin allo mai baƙin rubutu, aka riƙa canzawa tasha bayan tasha cikin shekaru. Idan gefen da ya leƙo ta bayan kafaɗar Baba zagayayye ne mai duhu, tsohon allon ne.

Lambobin goshin jirgin iri biyu ne, kada a haɗa su. Ƙarama mai alƙaluma huɗu lambar taragun ce. Masu farawa da 4 a layukan unguwanni yawanci irin da ake kira 4-SUB ne, masu farawa da 5 kuma EPB, waɗanda suka fara aiki a 1951. Babbar da ke tsakanin tagogin direba biyu ita ce alamar hanya. Da can haruffa ne, H na Hampton Court, S na Shepperton, daga baya aka koma alƙaluma. Tana da amfani ƙwarai, sai dai tana da tarko: yankin Southern kashi uku ne, kuma lamba ɗaya tana iya nufin hanya daban a kowane kashi. Ki rubuta ta ki ajiye tukuna. Za ta zama shaida ta ƙarshe, ba ta farko ba.

Yanzu bututun hayaƙin.

Duk wanda ya ji "bututu huɗu a Landan" zai ce tashar wutar lantarki ta Battersea, kuma ni ma can zuciyata ta tafi. Amma na koyi kada in yarda da sunan farko da ya faɗo mini kafin in kori 'yan uwansa. Landan ta wancan lokaci tana da wasu tashoshin wuta masu bututu huɗu. Ta Fulham nata a jere suke, layi ɗaya. Ta Greenwich nata na bulo ne, masu kauri da duhu. Na Battersea kuwa na kankare ne, masu haske, sirara, da zane-zane a tsaye kamar ginshiƙai, kowanne yana zaune a kusurwa ɗaya ta wani ƙaton gini na bulo mai kusurwa huɗu. A hoto baƙi-da-fari sukan fito kusan fari a kan sararin sama mai toka-toka. Idan haka naku suke, to Battersea ce.

Kuma ginin nan kansa kalanda ne. An gina shi ne rabi-rabi. Ɓangaren yamma ya fara ba da wuta a 1933, kuma shekaru da dama bututu biyu kawai ake gani. Na huɗu bai tashi ba sai 1955. An kashe ɓangaren yamma a 1975, aka rufe tashar baki ɗaya a 1983. Bututu huɗu ke nan suna cewa bayan 1955, hayaƙi daga dukkansu kuma yana cewa kafin 1975. Kin ga shaida ta biyu, wadda ba ta san da fentin jirgin ba, ta zo ta faɗi magana ɗaya da shi. Irin wannan haɗuwar nake nema kullum.

Tashoshin da mutum zai tsaya a dandamalinsu ya hango wannan gini sosai, a kan layi mai ƙarfe na uku, ba su da yawa. Uku ne a gaba.

Ta farko Battersea Park, a kan layin Victoria. Ita ce mafi kusa, tazarar ba ta wuce kimanin rabin kilomita ba. A sama take, kan doguwar gadar bulo mai bakuna irin bakan gizon soro, tana da rumfuna masu ƙarafan ado na zamanin Sarauniya Victoria. Layin a nan kusan kudu da arewa yake kwance, don haka mai kallon wajen Victoria zai ga bututun a gabansa ta hannun dama, manya, sun cika ido. Kusa da ita a lokacin akwai wani ƙaton rumbun gas mai siffar gwangwani, dogo ƙwarai, wanda aka rushe bayan 2010. Idan akwai shi a hoton yana gogayya da bututun wajen girma, kina kusa da nan.

Ta biyu Queenstown Road, a kan layin Waterloo. Ki lura, a zamanin Baba sunanta Queen's Road Battersea, sai a 1980 aka canza. Mutane da yawa suna ɓata a nan, suna neman sabon suna a tsohuwar taswira. Dandamalinta a tsakiyar layuka yake kamar tsibiri, da layuka masu yawa a gefe waɗanda jiragensu ke wucewa ba tsayawa. Layin yana miƙewa arewa maso gabas, don haka mai kallon wajen Waterloo zai ga bututun ta hagunsa, kuma a gabansa akwai gadojin da layukan Victoria suke hayewa ta kan na Waterloo.

Ta uku Wandsworth Road, a kan layin da a lokacin yake zagayawa daga Victoria zuwa London Bridge ta Denmark Hill. 'Yar ƙaramar tasha ce mai dandamali biyu, da wasu layuka a gefenta marasa dandamali, tun da aka rufe na wancan ɓangaren a 1916. Tazararta da tashar wutar ta haura kilomita ɗaya, kuma idan ka tsaya kana kallon arewa maso yamma, layin dogon kamar yana nufar ginin ne, bututun suna tsaye can ƙarshen gani. Masu ɗaukar hoton jirage sun daɗe da sanin wannan wuri saboda haka. Kalmarki ta "can nesa" ta sa na fi karkata nan. Karkata na ce, don ƙaramar kyamarar wancan zamani takan nisanta abin da ke kusa.

Yadda za ki raba su ukun ba wuya. Tun da bututun a kusurwoyi huɗu suke, tazarar da ke tsakaninsu a ido tana canzawa da inda ka tsaya. Daga wani wuri biyu za su kusa haɗewa, daga wani su baje huɗu reras. Bututun da ke tsaye yau sababbi ne, an sauke tsofaffin an sake gina su tsakanin 2014 da 2017, amma a mazauninsu na da kuma da siffarsu ta da, saboda haka hotunan yau suna aiki wajen gwaji. Ki nemi hoton da aka ɗauka daga dandamalin kowace tasha cikin ukun, ki ajiye kusa da naku, ki dubi tazarar bututun kawai. Dogayen benaye da aka yi a kewayen a 'yan shekarun nan sun tare gani a wurare da dama, don haka tsofaffin hotunan masu sha'awar jirage sun fi na Google amfani a nan. Sannan ki koma kan allon. Harafi biyu na ƙarshe za su taimaka: RK na Park ne, AD na Road.

Sai inuwa. Mu da muka tashi a Kano ko Zariya mun saba rana ta bi ta saman kai, har a watannin damina inuwar tsakar rana ta karkata kudu. A Landan ba haka ba ne. Garin yana can arewa ƙwarai, rana tsaka kullum a kudu take, inuwa kuma arewa take faɗuwa, rani da hunturu. Dukkan tashoshin nan uku suna kudu da tashar wutar, wato mai ɗaukar hoton arewa yake fuskanta, Baba kuma kudu. Idan ranar ta fito, haske ya kamata ya kasance a fuskarsa, wataƙila har ya ɗan kanne ido, inuwarsa kuma ta faɗa bayansa wajen jirgin. Idan kin ga akasin haka, inuwarsa ta miƙo wajen mai ɗauka, to mu tsaya mu sake lissafi, ƙila daga wani ɓangaren aka hango ginin.

Akwai wani abu da ya taɓa kayar da ni, kuma ina so ki tsallake shi. Na taɓa sayen wani tsohon hoto a wurin mai sayar da tsofaffin katuna, an rubuta sunan tasha da fensir a bayansa. Rumfar ta yi kama, fitilun kankaren sun yi kama, na yarda, har na rubuta hakan a inda wasu suka kwafa. Wani dattijo da ya yi aikin sigina shekaru da yawa ya duba sau ɗaya, ya ce layin a wannan tasha hagu yake lanƙwasawa, a hoton kuma dama ya yi. Da muka sa madubin ƙara girma, sai ga rigar wani fasinja da maɓallanta a ɓangaren da ba na maza ba. Ashe an kifa dodon hoton ne wajen wankewa, komai ya juye. Da muka juya shi daidai sai ya bayyana ba ma waccan tashar ba ce, wata ce da ke gaba a layin. Abin ya dame ni matuƙa, don kuskuren ya riga ya bar hannuna. Fitilu da shingaye da gadojin ƙafa na kankare da na dogara da su kuwa, kamfanin Southern a masana'antarsa ta Exmouth Junction yake zuba su ya rarraba wa tashoshi barkatai, don haka kamarsu ba ta nuna komai sai yanki. Tun daga ranar ba na karɓar suna sai abubuwa uku marasa motsi, waɗanda ba su dogara da juna ba, sun yarda da shi. A hotonku gwajin juyewa mai sauƙi ne: lambar goshin jirgin ta karantu daidai, kwat ɗin Baba kuma ɓangaren hagu ya hau kan na dama, aljihun ƙirji yana hagunsa.

Duk wannan yana bukatar ki ga hoton fiye da yadda ido ke gani. Ki kai shi inda ake sikanin, ki ce a ɗauke shi da ƙarfin 1200 dpi, gaba da baya, har da farin gefensa, don wasu masu wanki sukan buga wata da shekara a nan. Wajen turawa ta WhatsApp ki tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi, ƙananan rubutu su narke. Ina roƙonki kuma kada ki sa shi a manhajojin nan masu "gyara" tsohon hoto kafin a gama bincike. Inda harafi ya dushe ba sa barinsa a dushe, ƙirƙiro wani suke yi mai kyan gani, sai a wayi gari ana bin shaidar ƙarya. Gara harafi rabi na gaskiya.

Da hoton ya buɗe a babban allo, ki bi shi lungu-lungu. Allunan talla a bango sukan ɗauki sunan shago da titinsa, kuma farashi da sule da kwabo yana nufin kafin Fabrairun 1971, lokacin da Birtaniya ta canza lissafin kuɗinta. Idan akwai mota a titin ƙasa, harafin ƙarshen lambarta shekara ce: A na 1963, B na 1964, haka. Agogon tasha, idan ya fito, yana haɗuwa da inuwa ya ba ki alƙibla. Ki ƙirga layuka, ki ƙirga ginshiƙan rumfa, ki dubi yankan katakon da ke bakinta, don tsofaffin kamfanoni kowanne da irin haƙoran da yake yankawa. Da waɗannan a hannu sai taswira. Laburaren Ƙasa na Scotland ya sa tsofaffin taswirorin Birtaniya a intanet kyauta, har da na Landan masu nuna kowane layi da dandamali da ɗakin sigina, kuma ana iya shimfiɗa su a kan hoton tauraron ɗan Adam na yau. Ki ja layi daga tashar wutar zuwa kowace tasha, ki ga wanne ya bi ta kan gine-ginen da ke tsakani a hotonku. Akwai kuma tarin hotunan sama na Britain from Above, amma yawancin nasu sun tsaya a 1953, don haka kada rashin bututu na huɗu a cikinsu ya ruɗe ki. Da kin kai nan, sai a ɗauko lambar hanyar da muka ajiye, a tambayi masu bin tarihin jiragen Southern ko jirgi mai wannan lamba yana tsayawa a tashar da muke zato.

Shaidar da ta fi duk waɗannan ƙarfi ƙila tana cikin akwatin da hoton ya fito. Jiragen nan ba na yawon buɗe ido ba ne. Mutum ba ya zuwa Wandsworth Road don kallo, yana tsayawa a can ne don nan ce tashar unguwarsa, ko ta abokinsa, ko ta makarantarsa. Ki nemi ambulan da aka aiko wa Baba, ko wasiƙun da ya aiko gida, ki dubi adireshin. Lambobin gidan waya SW8 da SW11 da SW4 duk kewayen nan ne. Ki dubi takardar shaidar karatunsa. A kan titin Battersea Park Road akwai kwalejin fasaha ta Battersea, wadda ta zama Jami'ar Surrey a 1966 ta koma Guildford daga baya. Idan can ya yi, Battersea Park da Queen's Road ne a bakin ƙofarsa, kuma dole in sassauta karkatar da na yi. Hatimin fasfo zai ba ki shekarun shiga da fita. Idan kuma akwai wani abokin tafiyarsa da ke raye, ko Hajiya ta taɓa jin sunan unguwar a bakinsa, ki je da hoton ki zauna da su tun kafin ki ambaci sunan kowace tasha, don kada ki sa musu amsa a baki.

In an gama, kada a rubuta komai da biro a bayan hoton, tawada tana cin takarda. Ki sami wata takarda daban ki rubuta abin da aka tabbatar da dalilinsa, abin da ake zato kuma ki kira shi zato, ki sa kwanan wata, ki haɗa su a ambulan ɗaya, don jikokin da za su buɗe akwatin nan gaba su san wanne ne wanne.

Ki turo mini gaba da bayan hoton yadda na ce, tare da babbar lambar goshin jirgin da duk adireshin da kika samu. Abin da zan fara dubawa shi ne tazarar bututun da kuma ɗan gefen allon da ya leƙo ta bayan kafaɗar Baba.